Ba a Wanke Carlo Ba

Wani mai sharhin fina-finai ya rubuta makala a kan L'ultimo bacio, wato Sumba ta Ƙarshe, fim ɗin da Gabriele Muccino ya fitar a Italiya a farkon shekarar 2001, kuma hukuncin da ya yanke bai kamata a bar shi ya wuce haka nan ba. A ganinsa fim ɗin lallashi ne ga mazan da suka ƙi girma. Ya ce Muccino ya tara 'yan gata biyar na birnin Rum, kowa da abin yinsa, ya ba su kusan sa'o'i biyu suna kukan daɗi, daga ƙarshe ya sallami jagoransu da mata da 'ya da gida, alhali ya ci amana. Matan kuma, in ji shi, an mai da su masifaffu domin mai kallo ya ga uzurin namijin da ya tsere. Ba shi ya fara wannan zargi ba, an yi ta yin sa tun fim ɗin yana gidajen kallo, kuma ba ƙaramin zargi ba ne. Fim ne da ya shafe watanni ana cika masa kujeru a Italiya, ya ci kyaututtuka biyar na David di Donatello, ciki har da ta gwanin darakta, sannan ya samu kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin Sundance na Amurka a 2002. In har abin da ya koya wa wannan taro shi ne namiji ya yi ɓarna ya dawo a rungume shi, to ya yi mugun aiki. Sai dai marubucin ya kauce tun daga tushe. Ya ɗauki labarin da Carlo yake ba kansa ya jingina wa fim ɗin, alhali an gina fim ɗin ne domin ya ƙaryata wannan labari.

Ga wanda bai kalla ba, ga yadda abin yake. Carlo, wanda Stefano Accorsi ya fito a matsayinsa, yana gab da cika shekara 30, yana aiki a kamfanin tallace-tallace, suna zaune tare da Giulia, wato Giovanna Mezzogiorno, kuma tun a farkon fim suka sanar da iyayenta cewa tana da ciki. Yana da abokai huɗu. Marco yana shirin angwancewa. Adriano ya riga ya yi aure, suna da jariri shi da matarsa Livia, gidan kuma kullum cikin rigima. Paolo yana tsare shagon gidansu na sayar da kayan coci, mahaifinsa yana kwance rai a hannun Allah, shi kuma ya kasa haƙura da budurwar da ta rabu da shi. Alberto ba ya daɗewa da mace ɗaya. Ukun ƙarshen nan suka ƙulla shawarar sayen mota mai ɗakin kwana su bar ƙasar. A wurin bikin Marco ne Carlo ya haɗu da Francesca, 'yar makarantar sakandare mai shekara 18, daga nan ƙarya ta fara haihuwar ƙarya. Muccino yakan bar mu mu ji muryar zucin Carlo a wasu wurare, musamman a ƙarshe, yana tsara wa kansa ma'anar abin da yake yi. Wannan muryar ce marubucin ya saurara, ya bar kallon abin da hoto yake nunawa a lokacin da take magana.

A duba daren da komai ya rushe. Carlo ya ce wa Giulia zai fita da Adriano, ya zarce liyafar 'yan makaranta da Francesca. A wannan daren ne mahaifin Paolo ya cika. Abokai suka hallara, Giulia mai juna biyu ta zo, ga Adriano a tsaye, babu Carlo, an neme shi an rasa. Wanda yake son wanke gwarzonsa ba ya tsara masa dare irin wannan. Muccino shi ya rubuta labarin da kansa, alƙalami yana hannunsa, da ya so da ya mai da Giulia mace mai sanyin zuciya ko mai nata ɓoyayyen masoyi, da ya so da ya sa Carlo ya zame sau ɗaya cikin maye ba da shiri ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya nuna mana Carlo yana zuwa ƙofar makarantar yarinyar da ƙafarsa, yana shirya ƙaryarsa tun da rana, yana jawo abokinsa ya zame masa shaidar zur. Sannan ya ɗauki nishaɗinsa ya ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da gawar uban amininsa da kuma mace mai ciki tana neman uban cikinta. Da Carlo ya dawo gida asiri ya tonu, Giulia ta kore shi, bai nemi inda zai zauna ya yi nadama ba. Komawa ya yi wurin Francesca ya kwana, ya huce haushinsa a kanta, da gari ya waye kuma ya ga ba ya bukatarta. A dare ɗaya mutum uku suka biya kuɗin tsoronsa: macen da ke ɗauke da 'yarsa, da yarinyar da ta ɗauka son gaskiya ake yi mata, da abokin da ya rasa uba ya duba bai ga amininsa ba. Marubucin bai ambaci wannan tsari ba ko da a layi ɗaya, alhali shi ne ƙashin bayan fim ɗin.

Babbar hujjarsa ita ce ƙarshen labari, inda ya ce an yafe wa Carlo ba tare da ya ɗanɗana kuɗarsa ba. Lalle an yafe masa. Amma a kan me aka yafe? Carlo ya rantse wa Giulia cewa abin da ya shiga tsakaninsa da yarinyar bai wuce sumba ba, ita kuma ta karɓe shi a kan wannan rantsuwa. Mai kallo ya san ƙarya ce, domin a gabansa aka yi komai. Mukan ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Muccino bai ba mu ko wannan sanyin ba, ya bar ƙaryar ta yi nasara, ya tilasta mana mu zauna da ita. Daga nan hotuna suka fara gudu: an ɗaura aure, an haifi 'yarsu Sveva, muryar Carlo tana lissafa irin rayuwar kwanciyar hankali da ya yarda zai rungume, yana lallashin kansa cewa wannan shi ne daɗin duniya. Duk wanda ya tsaya a nan zai yarda da marubucin. Fim ɗin kuwa bai tsaya a nan ba. Hoton da ya rufe da shi Giulia ce tana gudun motsa jiki, wani baƙon namiji ya jera da ita, ta dube shi ta yi murmushi. Muryar miji tana cewa an gama, fuskar mata tana cewa yanzu aka fara. Gida ne da aka yi wa sabon shafe alhali gara ta cinye azara, kuma daraktan ya tabbatar mun ga azarar kafin a kunna fitilu. Abin da Carlo ya samu aure ne da aka ɗaura a kan abin da matarsa ba ta sani ba, da mata wadda ya koya mata da kansa cewa alkawari abu ne mai lanƙwasuwa. Ban ga yadda za a kira wannan tukuici ba.

Ɗan Italiya da ya kalli wannan murmushi a 2001 yana da abin tunawa da shi, domin matar da ta fito a matsayin Anna, mahaifiyar Giulia, ita ce Stefania Sandrelli. Shekara 40 kafin nan, a 1961, tana yarinya 'yar shekara 15, ta fito a Divorzio all'italiana na Pietro Germi, labarin wani basarake a tsibirin Sisili, wanda Marcello Mastroianni ya taka, da ya ƙyalla ido a kan wata 'yar danginsa ƙarama. A lokacin babu saki a dokar Italiya, sai a 1970 aka halatta shi, jama'a kuma suka tabbatar da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 1974. Don haka basaraken ya ƙulla yadda zai tura matarsa ga wani namiji, ya kashe ta, ya samu sassaucin da doka take yi wa kisan kare mutunci, sassaucin da ba a soke ba sai a 1981. Ya yi nasara, ya auri yarinyar. A hoton ƙarshe suna cikin jirgin ruwa, yana sumbatar amaryarsa cike da gamsuwa, ita kuwa ƙafarta tana shafar ƙafar saurayin da ke tuƙa jirgin. Babu wanda ya taɓa cewa Germi ya wanke basaraken don ya bar shi da amarya. Kowa ya gane cewa hukuncinsa yana cikin abin da bai gani ba. Muccino ya rufe nasa fim da irin wannan hukunci, ya kuma ɗauko ainihin matar da ta zartar da na farko ya mai da ita uwar wadda za ta zartar da na biyu.

Labarin Anna shi ne wurin da zargin marubucin ya fi rauni, shi ya sa ya tsallake shi da jimla guda. Mace ce da ta haura 50, ta ji za ta zama kaka, sai tsoro ya kama ta irin wanda ya kama saurayin 'yarta. Mijinta Emilio likitan ƙwaƙwalwa ne, sana'arsa sauraron mutane, amma a gida ya zama dutse, ba ya faɗa, ba ya yabo, ba ya ko kishi. Ta tattara ta bar gidan, ta nemo tsohon masoyinta Eugenio, wanda Sergio Castellitto ya taka, ta tarar ya yi nisa da rayuwarsa yana da ƙaramin ɗa. Ta dawo. Idan mata a wannan fim shinge ne kawai da maza ke tsallakewa, me ya kawo wannan labari, kuma me ya sa shi ne aka ɗauka da tausayi fiye da kowanne, har Sandrelli ta ci kyautar David saboda shi? Anna tana nuna abu biyu da suka rusa karatun marubucin. Na farko, sha'awar gudu ba ta maza ba ce su kaɗai, ba kuma ta 'yan shekara 30 ba ce su kaɗai. Na biyu ya fi nauyi, wato Emilio. Ga mutumin da bai taɓa sayen motar tserewa ba, yana kwana a gidansa kullum, amma ya daɗe da ficewa daga auren yana zaune a kan kujerarsa. Ta hanyarsa fim ɗin ya gaya mana tun kafin ƙarshe cewa dawowa gida ba shaidar girma ba ce. Don haka lokacin da Carlo ya dawo, mun riga mun ga irin mijin da mai dawowa da jiki kawai yake zama bayan shekara talatin, mun kuma ga abin da hakan yake yi wa matarsa. Mai karatu daga namu ɓangaren zai iya cewa tushen matsalar shi ne zaman da Carlo da Giulia suke yi ba aure, kuma ba ni da niyyar kare wannan zama. Amma Adriano mijin aure ne, Emilio ma haka, kuma igiyar ba ta mai da ko ɗaya daga cikinsu mai riƙon amana ba.

Marubucin ya kuma karanta fim ɗin kamar daga sama ya faɗo, alhali yana da kakanni. A 1953 Federico Fellini ya yi I vitelloni, shi ma samari biyar ne a wani gari na bakin teku, sun girma sun ƙi aiki. Fausto ya yi wa Sandra ciki, aka tilasta masa aure, aka samo masa aiki a shagon sayar da kayan coci, irin shagon da Muccino ya ajiye Paolo a ciki. A 1962 Dino Risi ya yi Il sorpasso, inda Vittorio Gassman ya fito a matsayin Bruno, mutum mai ban dariya da saurin shiga rai, wanda ya ja wani ɗalibin lauya yawo a mota, har motar ta faɗa kwazazzabo ɗalibin ya mutu, shi ya tsira, sai a lokacin ya gane ko sunan gidan yaron bai sani ba. Wannan shi ne salon barkwancin Italiya tun tale-tale: a sa ka so mutumin, ka yi dariya tare da shi, sannan a nuna maka gawar da ya bari a baya. Abin da Muccino ya sauya shi ne ya fi dacewa a lura da shi. A fim ɗin Fellini akwai uba, kuma da Fausto ya wuce gona da iri uban ya zare bel ya zane shi, ya shiga taitayinsa ko da na ɗan lokaci ne. A na Muccino uba ɗaya yana mutuwa, ɗayan ya yi shiru, babu mai tsawatarwa, don haka babu wanda zai ɗauke wa samarin nauyin zaɓinsu. Haka kuma Fellini ya sa wa tafiyar Moraldo albarka, saurayin da ya hau jirgin ƙasa da asuba ya bar garin, domin bai bar kowa a wahala ba. Tafiyar abokan Carlo kuwa an ɗora mata farashi a fili, domin kujerar da Adriano ya zauna a motar jariri ne ya biya ta.

Akwai inda marubucin yake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Kyamara ta fi daɗewa tare da maza, su ake bi zuwa mashaya da bakin titi, su ake ba lokacin bayyana abin da ke ransu, matan kuwa sau da yawa muna haɗuwa da su ne a lokacin da suka riga suka fusata. Ihu ya yi yawa a fim ɗin, wannan ma an san Muccino da shi. Amma a saurari abin da ihun yake ɗauke da shi. Livia, wadda Sabrina Impacciatore ta taka, tana faɗa ne saboda ita kaɗai take tashi da jariri, mijinta kuma yana ganin kukan ɗansa tauye masa 'yanci ne. Giulia tana faɗa ne saboda an yi mata ƙarya tana ɗauke da ciki. Babu ɗaya a cikinsu da fim ɗin ya nuna zarginta ba gaskiya ba ne. Da ana son mai kallo ya ga uzurin mai gudu, da an sa matar ta yi masifa a kan abin da bai faru ba. A nan duk abin da suka zarga ya faru, wani ma ya fi yadda suka sani muni. Wanda ya ji wannan ihu ya ce ai dole namiji ya gudu, shi ya zo da wannan hukunci daga gida, ba a allon ya same shi ba.

Sai batun gata. Marubucin ya ce waɗannan samari ba su san wahala ba, suna da aiki da gida, don haka kukansu raini ne ga matasan Italiya da ke fama da gaske. Na yarda ba su san wahala ba, amma wannan hujja ce a kansa. Da Muccino yana neman abin da zai wanke su da shi, ai uzurin yana nan a yashe a bakin hanya. A 1995 matsakaicin haihuwa a Italiya ya faɗi zuwa 1.19 ga kowace mace. A 1997 aka kafa dokar da ake kira da sunan ministan ƙwadago Tiziano Treu, wadda ta buɗe ƙofar aikin wucin gadi ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata, dokar Biagi ta 2003 kuma ta ƙara faɗaɗa irin waɗannan kwangiloli. Har yau matashin Italiya yakan kai kusan shekara 30 kafin ya bar gidan iyaye, alhali matsakaicin Tarayyar Turai kusan 26 ne. Ƙasar da ta haifi jarirai sama da miliyan ɗaya a 1964 ta kasa kai 400,000 a 2022. Duk wannan gaskiya ne, kuma akwai dubban matasa da ke son aure da haihuwa amma banki ba zai ba mai kwangilar wata shida bashin gida ba. Da Carlo ɗaya ne daga cikinsu, da kowa ya ce tattalin arziki ne ya kore shi. Muccino ya cire masa wannan mafaka gaba ɗaya, ya ba shi albashi da muhalli da mace mai son sa da surukai masu hali, domin idan ya gudu kada a samu abin ɗora wa laifi sai shi kansa. A 2007 ministan kuɗi Tommaso Padoa-Schioppa ya jefi matasan da ke zaune gidan iyayensu da wata kalma mai nufin manyan jarirai, ƙasa ta ɗauki zafi, domin ya haɗa wanda ya kasa da wanda ya ƙi a kwando ɗaya. Fim ɗin ya raba su tun shekara shida kafin nan, ya tsaya a kan waɗanda suka ƙi.

Abin da ya fi fito da lamarin fili shi ne sake fim ɗin da aka yi a Amurka a 2006, wanda Tony Goldwyn ya ba da umarni, Paul Haggis ya rubuta, Zach Braff ya ɗauki matsayin Carlo da sunan Michael. Labarin ɗaya ne har zuwa kusa da ƙarshe, sai aka sauya abu guda. Michael ya faɗa wa budurwarsa gaskiya cewa ya kwana da yarinyar, ta rufe masa ƙofa, ya zauna a dandamalin gidan dare da rana har ruwa ya dake shi, daga bisani aka buɗe masa. Ga laifi, ga ikirari, ga kaffara, ga gafara, mai kallo ya tashi da zuciya wasai yana ganin an biya bashi. In akwai sigar wannan labari da take sallamar namiji da wankakken suna, to ita ce wannan. Masu shirya ta sun ga ƙarshen Muccino ya yi ɗaci da yawa, suka zuba masa sukari. Ba a zuba wa abin da yake lallashi sukari.

Shi kansa Muccino, bayan ya je Amurka ya yi The Pursuit of Happyness da Seven Pounds tare da Will Smith, ya dawo ga waɗannan mutane a 2010 da Baciami ancora. Carlo da Giulia sun rabu suna jiran kammala saki. Adriano ya dawo bayan shekara goma, ya ɗanɗana kurkuku a Kolombiya saboda ƙwaya, ɗansa Matteo bai san shi ba. Paolo ya faɗa ciwon damuwa, kuma kafin fim ɗin ya ƙare ya kashe kansa. Za a iya cewa fim na biyu ba ya zama shaida a kan niyyar na farko, mai yiwuwa daraktan ya sauya ra'ayi da shekaru suka ja, kuma wannan magana ce mai kyau. Ba na kafa hujja da shi a kan niyya. Abin da nake nunawa shi ne babu abin da ya faru a 2010 wanda ba a shuka irinsa a 2001 ba, ba a bukaci a karya halin kowa ba kafin a kai shi inda ya kai.

Hujja mafi ƙarfi da marubucin zai iya kawowa, ko da yake bai kawo ta sosai ba, ita ce ta tasiri. Accorsi kyakkyawa ne, kyamara tana gudu, kiɗan Paolo Buonvino yana tsuma jini, kuma babu shakka akwai mazan da suka fito daga gidan kallo suna jin an fahimce su maimakon an tuhume su. Wannan haɗari ne na gaske. Amma a yi tunanin akasinsa. Da an mai da Carlo mummuna, mai mugun baki, wanda ba wanda zai so, da kowane namiji a zauren ya nuna shi da yatsa ya ce wancan ne, ba ni ba. Sai da ya zama mai kirki a fuska, mai son matarsa da gaske, mai kuka da hawaye na gaske, sannan mai kallo zai bi shi taki-taki yana ba shi uzuri, har ya waye gari tare da shi a ɗakin yarinya 'yar 18 ya ga inda uzurorin suka kawo shi. Tuhumar da ba ta ratsa ta cikin tausayi ba ba ta isa ga wanda ake nufi da ita.

Da marubucin yana neman inda zai kama Muccino da gaske, da ya tsaya a kan Francesca. Martina Stella, wadda ta taka ta, tana da shekara 16 lokacin da fim ɗin ya fito, kuma kyamara ta kalle ta da idon Carlo fiye da yadda ya kamata, ta mai da ita haske da gashi da murmushi kafin ta bari mu ga mutum ce. Safiyar da ya yar da ita an ɗauke ta da gaskiya, muna ganin kukanta da roƙonta, muna ganin ƙanƙantar namijin da ke neman hanyar sulalewa. Amma daga nan labarin ya bi Carlo ya bar ta, bai sake tambayar yadda ta kwana ba. Giulia ta samu murmushinta na ƙarshe, Anna ta samu labarinta cikakke, Livia ma an dawo gare ta bayan shekara tara. Yarinyar da aka fi zalunta, wadda ba ta yi wa kowa alkawari ba balle ta karya, fim na biyu ma bai neme ta ba. A nan daraktan ya yi mata abin da gwarzonsa ya yi mata, kuma a kan wannan yana da tambayar da zai amsa.